Noman dindindin da tare ruwan sama a yankin Araba

Noman dindindin, wanda ake kira famakalca a ƙasashen Turai, tsari ne na shirya gida da gona da dabbobi da itatuwa ta yadda kowane ɗaya zai riƙa amfanar ɗan'uwansa, ƙasa kuma ta riƙa ƙara ƙarfi shekara bayan shekara maimakon ta gaji. A wuraren da ruwan sama yake da ƙaranci, matakin farko na wannan tsari shi ne gyara fuskar ƙasa a kan layin daidaito, domin ruwan da ya sauka ya tsaya ya nutse a gona kafin ya gangara kwari. Yankin Araba, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, yana cikin irin waɗannan wurare. Dabarun da suka fi dacewa da ƙasarsa, wato tassa da rabin wata da jeren duwatsu, an daɗe da gwada su a ƙetaren iyaka, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda manoma Hausawa suka farfaɗo da dubban hekta na fako da hannunsu tun daga shekarun 1980.

Asali

Sunan famakalca haɗi ne na kalmomin Ingilishi guda biyu masu ma'anar dindindin da noma. Bill Mollison da ɗalibinsa David Holmgren ne suka ƙirƙiro shi a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, suka wallafa littafinsu na farko a kansa a shekarar 1978. Mollison ya fitar da babban littafin koyar da tsarin a 1988. Sun ɗora tsarin a kan ginshiƙai uku: kula da ƙasa, kula da mutane, da raba abin da ya yi rara.

Ɓangaren sarrafa ruwa ya samo tushe daga aikin P. A. Yeomans, wani injiniya kuma manomi ɗan Ostireliya, wanda a 1954 ya bayyana yadda ake karanta gangaren ƙasa a baza ruwa a faɗin gona maimakon a bar shi ya taru a kwari. Daga baya an gwada tsarin a ƙasashe masu fari, kamar kwarin Jodan da yankin Al-Baida da ke kudu da Makka.

Yawancin abin da tsarin yake koyarwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Haɗa gero da wake a gona ɗaya, barin gawo a tsakiyar gona, kwantar da shanun makiyaya bayan girbi don su bar taki, da dasa gamba a kan iyaka, duk tsofaffin al'adu ne. A ƙasar Adar manoma sun gaji jera duwatsu a gangare, abin da suke kira gandari. Abin da tsarin ya ƙara shi ne awo da tsara aiki bi da bi: a fara da ruwa, sannan hanyoyi, sannan itatuwa, sannan sauran.

Yanayin ƙasar Araba

Araba gari ne kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Illela, daf da iyakar Najeriya da Nijar. Garin Illela yana da nisan kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni a ɗaya ɓangaren iyaka, kuma kasuwarsa ta ranar Lahadi tana cikin manyan kasuwannin dabbobi da hatsi na yankin. Tafkin Kalmalo yana cikin wannan ƙaramar hukuma, kuma ruwan kwarin Majiya da ke fitowa daga Nijar a can yake ƙarewa.

Ruwan shekara a wannan yanki yakan kai kimanin milimita 500 zuwa 600, yana sauka daga Yuni zuwa Satumba, kuma yana bambanta ƙwarai daga shekara zuwa shekara. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan ruwan milimita 500 a kan hekta ɗaya ya kai lita miliyan 5. Wannan ya isa gero ya nuna idan ƙasa ta sha shi. Matsalar ita ce ruwan yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sannan a yi kwana goma ko fiye ba a sake samun wani ba.

Manoma suna rarrabe ƙasa iri uku, kuma kowace da yadda take karɓar ruwa. Jigawa ƙasa ce mai rairayi, tana shan ruwa da sauri amma ba ta riƙe taki, kuma iska tana kwashe ta. Fadama ƙasa ce mai laka a kwari, inda ruwa yake taruwa, ana noman rani na albasa da sauran kayan lambu. Fako kuwa ƙasa ce da samanta ya daskare ya yi tauri, sau da yawa a gindin tuddai masu marmara. A kan fako fiye da rabin ruwan babban hadari yana iya gudu ba tare da ya nutse ba. Wannan ruwa mai gudu shi ne yake yanka kwazazzabai, ya binne fadama da rairayi, ya cinye gefen gidaje da hanyoyi. Saboda haka fako shi ne wurin da aikin tare ruwa ya fi nuna amfani.

Layin daidaito

Layin daidaito layi ne da ake zanawa a kan gangare wanda kowane wuri a kansa tsayinsa ɗaya ne da saura. Bakin ruwan tafki misalinsa ne: duk yadda ya karkace, babu gefen da ya fi wani tudu. Ruwa yana gangarowa ne ya yanke wannan layi kai tsaye. Idan aka yi kunya ko aka jera duwatsu a kansa, ruwa yakan tsaya ya bazu daidai wa daida a tsawon layin. Idan kuwa layin ya karkata ko da kaɗan ne, ruwa zai bi shi ya taru a wuri guda, ya fasa kunyar, ya fita da ƙarfin da ya fi na da. Ido kaɗai ba ya iya gano wannan layi a gangaren da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, wanda shi ne ya fi yawa a gonakin yankin. Don haka ake amfani da ma'auni.

Ma'aunin tiyo. Wannan shi ne irin wanda magina suke daidaita tushen gini da shi. Ana samun tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa ta cikinsa, mai tsawon mita 10 zuwa 20, a ɗaura kowane bakinsa a jikin sanda mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Ana cika shi da ruwa a fitar da kumfar iska, a tsayar da sandunan biyu kafaɗa da kafaɗa a wuri mai daidai, a yi alama inda ruwa ya tsaya a kowace. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, na biyu ya yi gaba yana hawa ko sauka har ruwan ya dawo kan alama. A nan ake kafa turke. Sai na farko ya wuce gaba, a ci gaba da haka har ƙarshen gona. An fi yin wannan aiki da safe, domin zafin rana yana sa tiyo ya saki, awon ya canza.

Ma'aunin ƙafa biyu. Ana haɗa sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, a buɗe ƙafafunsu kimanin mita biyu, a gicciya ta uku a tsakiya. Daga sama ana rataya igiya da dutse a ƙarshenta. Don gano tsakiya, ana tsayar da shi a yi alama inda igiya ta taɓa sandar gicciye, sannan a juya shi kowace ƙafa ta koma gurbin 'yar'uwarta a sake yin alama. Tsakanin alamomin biyu shi ne daidai. Yana da sauƙin haɗawa, amma iska tana kaɗa igiyar, kuma ya fi tiyo jinkiri.

Da tiyo ake kuma auna gangare. Idan sanduna biyu suna nesa da juna mita 10, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, aka ga bambancin tsayin ruwa santimita 20 ne, gangaren kashi 2 cikin 100 ne. Gwargwadon tsananin gangare, gwargwadon yadda ake matso da layuka kusa da juna.

Hanyoyin tare ruwa

Tassa. Ƙaramin rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 40 da zurfin 10 zuwa 25, wanda a Burkina Faso ake kira zai. Ana haƙa shi da rani, a tara ƙasar da aka fitar a gefen ƙasa na ramin, a bar gefen tudu a buɗe don ruwa ya shiga. Tsakanin rami da rami kimanin mita ɗaya ne, kuma ramukan layi na biyu suna faɗawa ne a tsakanin na layin farko, ta yadda ruwan da ya kuɓuce wa wani zai faɗa wani. Hekta ɗaya tana ɗaukar ramuka 10,000 ko fiye. Ana zuba tafi ɗaya ko biyu na takin gargajiya a kowane rami kafin damina. Takin yana janyo gara, gara kuma tana huda ƙasa da hanyoyinta, sai ruwa ya riƙa bi yana nutsewa. Iska ma tana zuba ganye da ƙura a cikin ramin. Ana shuka gero ko dawa bayan ruwa mai kyau na farko. Aikin yana da nauyi, domin hekta ɗaya takan ci sa'o'i kusan 300, amma ramukan suna yin shekara biyu ko uku kafin a sake haƙa su.

Rabin wata. Rami ne mai siffar rabin da'ira, faɗinsa yawanci mita 4, zurfinsa santimita 15 zuwa 30. Ƙahonninsa biyu suna kan layin daidaito, bakinsa yana fuskantar tudu, ƙasar da aka fitar kuma ana yin kunya da ita a bayansa a daddage ta. Ma'aunin da aka saba da shi a Nijar shi ne guda 313 a hekta. Filin da aka bari ba a haƙa ba a gaban kowane rabin wata shi ne yake tara masa ruwa. Ana shuka hatsi a ciki, ko ciyawar dabbobi, ko a dasa itace.

Jeren duwatsu. Ana tona 'yar hanya mai zurfin santimita 5 zuwa 10 a kan layin daidaito, a zaunar da manyan duwatsu a ciki, a cike tsakaninsu da ƙanana ta gefen tudu, har jeren ya kai tsayin santimita 20 zuwa 30. Tsakanin jere da jere yakan kai mita 20 zuwa 50. Duwatsu ba sa toshe ruwa gaba ɗaya. Suna rage masa gudu ne, su tace ƙasa da taki da irin ciyawa da ya ɗauko, shi ya sa jeren duwatsu ba ya fashewa kamar kunyar ƙasa. Bayan 'yan shekaru ƙasa takan taru a bayan jeren har wurin ya yi kamar dakali.

Dogon rami da kunya. Wannan shi ne aka fi gani a littattafai da bidiyoyin famakalca: rami mai tsawo a kan layin daidaito, da kunya a gefensa na ƙasa inda ake dasa itatuwa. Yana tara ruwa mai yawa, saboda haka dole ne a yi masa mafita, wato a rage tsayin kunyar a wani wuri a shimfiɗa duwatsu, domin ruwan da ya yi rara ya fita a hankali. Idan babu mafita, babban ruwa ɗaya ya isa ya fasa kunyar. A Nijar ana yin mai kama da shi a kan tuddai, ana kiransa banket.

Layin ciyawa. Inda babu duwatsu ana dasa gamba ko jema a kan layin. Saiwarsu tana riƙe ƙasa, gamba kuma ana yin zana da ita ana sayarwa.

Kowace hanya da ƙasarta. Tassa da rabin wata na fako ne. A jigawa rairayi yakan cike su tun ruwan farko, a laka kuma ruwa yakan kwanta ya kashe shuka. Abin da jigawa take bukata shi ne kariya daga iska, barin kara a ƙasa, taki, da yin huɗa a gicciye da gangare.

Tarihin tassa a ƙetaren iyaka

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa a duk faɗin Sahel, suka bar gonaki da yawa sun koma fako. A yankin Yatenga na Burkina Faso, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo, na ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya, ya faɗaɗa ramin shuka na gargajiya ya ƙara masa taki tun wajen 1980. A wannan yanki ne kuma wani shiri na ƙungiyar Oxfam ya koya wa manoma amfani da tiyo wajen jera duwatsu a kan layin daidaito.

A Nijar akwai wani gari mai suna Illela a jihar Tawa, arewa da Birnin Ƙonni, wanda daban yake da Illela ta Sakkwato. A 1988 aka fara wani shirin gyaran ƙasa a can da kuɗin asusun IFAD na Majalisar Ɗinkin Duniya, a wajajen Badagishiri. Jeren duwatsu da rabin wata ne shirin ya sa gaba. A 1989 ya kai manoma 13 ziyara Yatenga, suka ga ramukan zai, suka dawo wasunsu suka gwada a 'yan hekta kaɗan. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, aka ga gonakin da aka yi wa tassa sun ba da amfani alhali na kusa da su sun ƙone. Daga nan dabarar ta bazu daga ƙauye zuwa ƙauye. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna matsakaicin amfanin hekta mai tassa ya ɗara kilo 500 na hatsi, inda gonar da ba a gyara ba take ba da kimanin kilo 125. Zuwa 1998 an farfaɗo da kimanin hekta 9,000 a gundumar.

Abin ya canza har da darajar ƙasa. Fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka mai da haƙar tassa sana'ar rani. A ƙauyen Batodi ruwan rijiya ya taso daga zurfin kimanin mita 18 a 1994 zuwa kimanin mita 4 a 2004, har mata suka kafa lambuna.

Akwai wasu ayyuka uku a makwabtaka da suke da alaƙa da wannan. A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogonyaro don tare iska a 1975. A Keita an fara babban shirin gyaran tuddai da kwaruruka a 1984 da kuɗin Italiya, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin. A Maraɗi, Tony Rinaudo ya fara yaɗa sassabin zamani a 1983, wato barin kututturen itacen da yake tohowa a gona a rage masa rassa a bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Rinaudo da Sawadogo sun sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Sawadogo ya rasu a Disamban 2023.

Tsara gida da gona

Noman dindindin yana raba fili gwargwadon yawan zuwan mutum wurin. Abin da ake dubawa kullum ana ajiye shi kusa, abin da ake dubawa jefi-jefi kuma nesa. Wannan ya yi daidai da yadda ƙauyen Hausa yake a shimfiɗe. Cikin gida da bayansa wurin kaji ne da turken awaki da ramin taki da 'yar garkar zogale, kuɓewa, yakuwa da barkono. Daga nan sai karkara, gonakin kusa da gari da suke samun taki kowace shekara. Bayansu gonakin daji, sannan burtali da makiyaya, sannan dajin da ake barinsa don itace da magani.

Ana kuma lura da inda iska da rana suke fitowa. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, hadarin farkon damina kuma daga gabas yake tasowa da guguwar da takan binne ƙaramar shuka da rairayi. Saboda haka shinge mai rai da layin itatuwa sun fi amfani a gefen gabas.

Rufin kwano ma gona ce ta ruwa. Rufi mai murabba'in mita 50 yana karɓar lita 25,000 a shekarar da aka yi milimita 500, daidai da jarka 1,000 mai lita 25. Ana iya tara wani ɓangare a tanki ko randa a rufe, sauran a ja shi zuwa gindin itace. Ruwan wanka da na alwala ma ana jan sa zuwa gindin zogale ko lemo. Duk ramin da zai tara ruwa ana nisanta shi da bangon ƙasa, da masai, da bakin rijiya.

A zaɓen itatuwa ana fara da waɗanda ƙasar ta sani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Sabara da ƙalgo suna tohowa da kansu daga kututture. Aduwa, magarya, kuka da bagaruwa suna jure fari. Cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta gwada wani tsari da ƙungiyoyin mata, inda ake dasa magarya mai aure da zogale a cikin rabin wata, a shuka kuɓewa da yakuwa a tassa tsakaninsu.

Matakan farawa

Shekarar farko ta fi zama ta kallo. Da damina manomi yana zagaya gonarsa lokacin ruwa ko da ɗaukewarsa, ya ga inda ruwa yake shigowa, inda yake gudu, inda yake kwanciya, da inda yake fita. Da kaka ana barin wani ɓangare na kara a ƙasa, a fara tara taki a rami ana yayyafa masa ruwa don ya ruɓe. Daga Disamba zuwa Maris ake awo, a kafa turaku, a jera duwatsu, a haƙa ramuka. A Afrilu da Mayu ake zuba taki. Shuka tana biyo bayan ruwa mai kyau na farko, dashen itatuwa kuma sai ƙasa ta jiƙe sosai, wajen Yuli zuwa farkon Agusta. Bayan kowane babban ruwa ana duba kunyoyi a gyara inda suka tsage.

Ƙa'idoji uku ne masu aikin suka fi nanatawa. Ta farko, a fara daga saman gangare a sauko, domin aikin da aka yi a ƙasa alhali ruwan sama bai tare ba zai karɓi ruwan da ya fi ƙarfinsa. Ta biyu, a fara da ƙaramin fili, kamar rubu'in hekta, wanda taki da ƙarfin gida za su iya. Ramuka 2,500 masu taki sun fi 10,000 marasa taki amfani. Ta uku, a shirya wa ruwan da ya yi rara hanyar fita tun kafin a haƙa ramin farko.

Matsaloli

Taki shi ne babban cikas. Idan kowane rami zai ci gram 300, hekta mai ramuka 10,000 tana bukatar tan 3, kuma gidan da ba shi da dabbobi ko amalanke ba ya iya kai wannan. Wasu suna cike giɓin da ɗan takin zamani, kimanin cikin murfin kwalba a kowane rami. Aikin haƙa kuma yana faɗawa ne daidai lokacin da samari suke tafiya cirani, shi ya sa ake komawa ga gayya ko 'yan ƙodago.

A shekarar da ruwa ya yi yawa, tassa da rabin wata suna iya riƙe ruwa har shuka ta ruɓe. Ruwan da ya wuce kwana biyu ko uku a rami alama ce ta cewa ramin ya yi zurfi ko ƙasar ba ta dace ba, kuma yana iya zama matattarar sauro.

Mallakar ƙasa ma tana da tasiri. Wanda yake noma gonar aro ko haya ko jingina ba ya cika zuba ƙarfinsa a aikin da amfaninsa sai bayan shekaru, kuma a al'ada dasa itace a gonar wani ana ɗaukarsa neman mallaka. Fakon da aka farfaɗo yakan jawo masu cewa gadonsu ne. Haka kuma wasu filayen da ake gani kamar ba na kowa ba, burtali ne ko wurin kiwo. Saboda haka ana daidaitawa gaban mai gari da shaidu, tare da makiyaya, kafin a fara. Ruwa ma ba ya sanin iyaka: mafitar da ta zuba a gonar makwabci takan zama sanadin rigima, don haka gonakin da suke gangare ɗaya sun fi kyau a tsara su tare. Bayan girbi ana sakin dabbobi, kuma ƙaramin itacen da ba a kewaye shi da ƙaya ba da wuya ya kai damina ta biyu.

Shirye-shiryen gwamnati

Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewacin Najeriya da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa hukumarsa ta ƙasa a 2015. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya ƙunshi jihohin arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasar da ta lalace da kula da magudanan ruwa suna cikin ayyukansa. A Nijar, haƙar rabin wata tana cikin ayyukan da gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya suke biyan mutanen ƙauye da kuɗi ko hatsi su yi da rani. Abin da aka gani a Illela ta Tawa shi ne dabarar da ta fi ɗorewa bayan ƙarewar shiri ita ce wadda manomi zai iya yi a gonarsa da diga da fartanya da tiyo, ya kuma ga amfaninta a rumbu tun damina ta farko.